Ƙofar Baya ta Motar Mahamudu

A Malbaza ana cewa Malam Mahamudu bai taɓa roƙon kowa abu sau biyu ba. Waɗanda suka yi aiki da shi a masana'antar siminti suna cewa girman kai ne. Matan unguwa kuwa cewa suke kunya ce, tunda tsohuwar motarsa ce ke kai masu naƙuda asibiti, kuma ba ya tsayawa a gode masa.

Da hantsin nan yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, ciwo ya cinye shi har riga ta yi masa yawa, yana kallon maƙwabcinsa Sadiƙu makanike da ya durƙusa gefen motar. Ƙofar baya ta saki, tana rinjaya ƙasa, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Sadiƙu ya tokare ta da kututture, ya buga guduma, ƙusar pata ta fito a sanɗare, ta cinye kamar haƙorin tsoho. Zoben tagullar da take juyawa a ciki kuwa ya zama gari.

"Ɗan nan, ka ɗaure ta da igiya kawai," in ji Mahamudu. "Alela za ni, ba Makka ba."

"Baba, a bayan nan za ka kwanta, kanka a jikin ƙofa. Ka san hanyar Alela. In ta ɓalle da kai, mi zan ce wa Inna Talatu?"

"Ce mata ka huta da ni."

Sadiƙu ya yi dariya. Ya san abin da ke kai tsohon Alela. Yayar Mahamudu, Zahara'u, ce a can, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, yanzu ta makance, ba ta iya tafiya. Tun rabon gona maganarsu ta yi sanyi, yana so ya durƙusa gabanta ya nemi gafara. Ya ce wannan ba zancen waya ba ne, kuma ba zai shiga garinsu a motar wani ba.

Sadiƙu ya hau babur ya nufi Ƙonni. Ya samo ƙusoshi, amma zobban da ya kawo sun yi faɗi, ƙusa tana rawa a ciki. Zai iya naɗa guntun gwangwani ya cike, haka kowa ke yi. Ya juya zoben a tafin hannunsa, ya ji ba zai iya sa wa motar Baba gwangwani ba. Ya aika wa mai injin sassaƙa ƙarfe da tsohuwar ƙusa, a yanko masa zobba daidai. Aka ce babu wuta. Da wuta ta dawo aka ce mai injin ya tafi suna.

Ƙofar tana jingine a jikin katanga, awaki suna fakewa a inuwarta. Kullum Sadiƙu ya wuce sai ya gaishe da tsohon.

"Gobe, Baba, in Allah ya so."

"Allah ya kai mu."

Bai sake ambatar igiya ba.

Ranar da zobban suka iso, Sadiƙu ya shafa musu giris ya danna, suka zauna daram. Yana cikin daidaita ƙofar ya ji salatin Inna Talatu, matar Mahamudu, daga cikin gida, ƙasa-ƙasa, sannan muryoyin mata suka ɗauka. Ya daɗe riƙe da guduma. Babu wanda zai riƙe masa ƙofar, ba kuma zai iya sakinta ba, sai ya ƙarasa buga ƙusar kafin ya wanke hannu ya shiga.

Aka yi jana'izar Mahamudu bayan azahar. Washegari Inna Talatu, da ta shiga takaba ba ta fita, ta miƙo wa Sadiƙu makullin motar ta bayan labule.

"An gaya wa Zahara'u ta waya. Amma ya kamata wani ya tahi da ƙahwarshi."

Ya tafi shi kaɗai. Duk ramukan hanya motar ta faɗa, ƙofar ba ta ko motsa ba.

Ya sami Zahara'u a rumfa tana ɓarar wake cikin ƙwarya, mata biyu suna zaune da ita. Ya cire takalmi ya durƙusa, ya yi ta'aziyya.

"Na ji kukan motar tun daga bakin rijiya," ta ce. "Wane ne kai?"

"Sadiƙu, maƙwabcinshi. Inna, ya shirya zuwa wurinki. Gafararki yake so ya nema, da bakinshi. Ya ce in ɗaure ƙofa da igiya mu taho, ni na ƙi, na ce sai na gyara ta da kyau." Ya sunkuyar da kai. "Ni na tsare shi. Ki yafe mashi, Inna. Ni ma ki yi haƙuri ki yafe mani."

Tsohuwar ta ajiye kwasfar da ke hannunta. Ta miƙa hannun a iska tana lalube, har ya sauka a kan hularsa, ya tsaya nan.