Maganin Mai Faci

Tun ranar da tayar gaba ta fashe wa wani direba a kan gada, bas ta kife da fasinjoji, jikinsa ne kawai ya dawo gida. Ƙafa ta warke, haƙarƙari ya haɗe. Amma da murfin tukunya ya faɗi a kicin, sai matarsa ta same shi bayan ƙofa, gumi sharkaf, hannu biyu yana murza sitiyarin da babu shi.

Ita ta ja shi asibiti. Likitar ƙwaƙwalwa ta ce ba hauka ba ne, ba kuma ragwanta ba. Firgici ne ya maƙale: haɗarin ya wuce, jikin ne bai samu labari ba. Maganinsa sannu a hankali. Zai fara da tsayawa kusa da bas a garejin kamfani, in ya saba ya taɓa ƙofa, daga nan ya zauna a kujera inji a kashe.

"Shi zai ce a ci gaba, shi zai ce a tsaya," in ji likitar. "Ko da wasa kada a shammace shi."

Kamfani ya ce zai riƙe masa aikinsa in ya nuna zai iya komawa kan sitiyari, in ya kasa a ba wani. Da wannan aikin gidan yake ci.

To, direban yana da yaya, mai faci ne a bakin garejin. Mutum ne da ya ɗauki duniya kaf tib ce ta taya: a nemo huda, a shafa gam, a hura iska, shi ke nan. Kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar taya, ɗayan kuma bai taɓa jin shawara ba.

"Wai taɓa ƙofa!" ya ce wa matar ƙanin nasa, yana dariya har da buga cinya. "Ke ma kika yarda? Ni taya nawa ta fashe mini a fuska? Kin gan ni ina rakuɓe bayan ƙofa? Tsoro sau ɗaya ake cire shi, kamar ƙusa."

"Yaya, don Allah ka bar wa likita aikinta."

"Likitar da ko bawul ɗin taya ba ta taɓa kwancewa ba!"

Yayan miji ne, ba a ce masa ya yi wauta, sai dai a haɗiye.

Maganin da yake rainawa kuwa ci yake yi. Direban ya taɓa ƙofa, ya zauna a kujera, ya dawo gida ya ci abinci har da ƙari. Ranar da ya ce zai tayar da inji ya zaga filin garejin, matar ta bi shi. Manajan kamfanin ya fito ya tsaya da hannu a aljihu. Ta hango Yaya a gindin katanga yana hura wata tsohuwar tib, ta ce a ranta aikinsa yake yi.

Inji ya tashi. Bas ta motsa kamar mai koyon tafiya, ta sha kwanar farko lafiya lau. Ta gilashi matar ta ga mijinta yana murmushi, abin da ta manta kamanninsa. Daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa.

Bas na zuwa daidai katanga, Yaya ya ƙara wa tib iskar ƙarshe.

Daram!

Direban ya taka birki, ya faɗo ta ƙofa, ya rarrafa ƙarƙashin motar yana ihu a ciro mutane, a ciro yarinyar da ke kujerar gaba. Babu kowa a bas ɗin. Yaya kuwa ya taho yana karkaɗe hannu, fuska fal alfahari.

"An gama! Ya ji ta, bai mutu ba. Fito, ɗan'uwa!"

Manaja ya nufi bas ɗin. Ya zare makullin, ya miƙa wa wani direba.

Likitar ta ce za a sake daga farko, kuma ana warkewa, sai dai wannan karon zai ɗauki lokaci. Matar ta riƙe maganar nan da hannu biyu, don ba ta da wata.

Washegari da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida, da muryar nan mai cika unguwa. Yaya ne ya zo duba aikinsa. Matar ta juya za ta ce wa maigidan ga Yaya nan, ta ga kujera wayam. Babu murfin da ya faɗi, babu tayar da ta fashe. Yana bayan ƙofa, gumi sharkaf, yana murza sitiyari.

Yaya ya sake sallama. Ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta cika ta da jikinta.

"Ya jikin nasa?" in ji shi. "Ya ware ko?"

"A da taya kawai yake tsoro, Yaya. Yanzu har da muryarka."

Ya karkato kunnen nan da ya mutu. "Me kika ce?"

Ta rufe ƙofar a hankali, don kada ta yi ƙara.