Layin da Aka Goge

Mutum ɗaya Malam zai tura kamfani koyon aiki, kuma duk ajin koyon rubuta manhaja an san tsakanin Tela ne da aminiyarta Doguwa. Kwamfuta ɗaya suke aiki a kai, aikin gwaji ma tare aka ba su. Tela ta jingine keken ɗinkinta wata shida cur saboda wannan rana.

Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne: umarni ne mai ƙirga lamba daga goma zuwa ƙasa, yana rage ɗaya ya sake kiran kansa, in ya kai sifili ya tsaya. Malam ya danna. Kwamfuta ta yi tsit, fankarta ta hau gurnani, sai jan rubutu ya cika allo, layi ɗaya yana ta maimaita kansa. Kafin Malam ya buɗe baki, Doguwa ta riga ta ce ai wannan ɓangaren Tela ce ta rubuta. Malam ya rubuta sunan Doguwa a takarda, ya fice.

Tela ba ta tashi cin abincin rana ba. Ta sa umarnin ya riƙa nuna kowace lamba da ya kai. Uku, biyu, ɗaya, sifili, sai ga shi ya zarce ƙasa da sifili yana ta zuba, babu mai ce masa ya isa. Layin tsayawa ne babu! Ita kuwa ta san da hannunta ta rubuta shi. Ta buɗe tarihin gyare-gyare, ga shi ɓaro-ɓaro: jiya da la'asar aka goge, lokacin da ta fita ta bar wa Doguwa kwamfutar.

Da Tela ta tuhume ta, Doguwa ba ta musa ba. Wai ba ta gane amfanin layin ba, ta ji tsoron kar Malam ya tambaye ta, ta ɗauka ko babu shi aikin zai tafi.

"Da ya rikice ɗazu, kin san dalili?"

"Na sani."

"Kika nuna ni."

Gogewar ba ta yi wa Tela ciwo ba, kowa na kuskure. Nunin ne ya ƙona mata rai. Ta mayar da layin, ta danna, lamba ta sauko ta tsaya cak a kan sifili. Doguwa ta jawo kujera ta matso kusa.

"Ƙawata, don Allah ki ɗan yi min bayaninsa. Kar su tambaye ni a kamfani."