Kalmar da Ta Cire wa Fadzli Haƙori

"Maimaita in ji," in ji yayana Derus, ya dire farantin dabino. "Azumin namu na masu gumaka ne?"

"Ba azumin ba, Yaya, sunan kawai," Fadzli ya amsa, har da murmushi. "Kalmar puasa da muke kiran azumi da ita a harshenmu na Malay daga tsohon harshen Indiya ta zo. Haka syurga, aljannar da muke roƙo, haka neraka, wutar da muke tsoro. Kakanninmu sun saba da su tun kafin Musulunci ya iso Melaka, sai malamai suka ɗora musu sabuwar ma'ana."

Ni na gayyato shi buɗa-baki, don mahaifinmu Abah ya gan shi kafin iyayensa su kawo zoben baiko. Sai da na roƙe shi ya bar iliminsa na jami'a a gindin matakala tare da takalmansa. Ina! Abin da ya sa nake mutuwar sonsa ke nan, bai iya ganin kalma ya ƙyale ba.

"Malamin tsiya!" Derus ya tsallake tabarmar ya kai masa naushi a baki. Tukunyar kunun shinkafa ta kife, ta ƙone wa mahaifiyarmu Mak ƙafa, ta saki ihu. Ƙeyar Fadzli ta bugi ginshiƙi, tabaransa ya tarwatse. Derus ya danne masa ƙirji da gwiwa yana ta kirɓa, jini na fantsama a farar rigarsa ta masallaci.

"Derus! Da azumi a bakinka?" Abah ya daka tsawa, ya zuba masa sanda a gadon baya. "Dosa kake kwasa, zunubi!"

Fadzli ya tofar da haƙori a tafin hannunsa, ya ɗago ido ɗaya da bai kumbura ba.

"Dosa ma... daga can take, Abah."

Wannan karon ƙafa Derus ya sa. Na ji ƙarar haƙarƙari. Na faɗa kansa na rufe shi da jikina, duka na gaba a kafaɗata ya sauka. Ladan ya kira magariba, ba wanda ya taɓa ruwa.

"Rohaiza, tashi daga kansa," Abah ya ce. "Ya fita. Kada ya ƙara taka mini gida."

Na yagi gefen mayafina na toshe masa baki, na ɗaga shi da ƙyar.

"Asibiti zan kai shi, Abah. Zoben kuma zan karɓa. In ba ku buɗe wa iyayensa ƙofa ba, su same ni gidan Gwaggo Salmah."