Farantin Raihana da Tamfol ɗin Baba

Ƙanwata Raihana ce ta kawo mana abin nan gida, a unguwar Abakpa Nike da ke Enugu. Farantin sola ne, bai fi faifai girma ba, wai da wani sinadari ake yin sa mai suna ferobiskayit. Ta ce ya fi na kasuwa araha, yana kuma jan wuta sosai, sai dai rago ne, danshi na taɓa shi ya lalace. Duk karatunta na digiri na uku a kan wani man rufi ya ƙare, wanda zai hana ruwa shiga. Wani kamfani ya ce in farantin ya cinye damina guda ruwa na dukansa bai mutu ba, za su zo su gani su fara ƙerawa.

Ta kafa shi a tsakar gida ta ce kada kowa ya taɓa. Muka ce to.

Daminar Enugu kuwa, Allah ya kyauta, ko gishiri kuka yake a kwano. Amma duk Asabar in Raihana ta zo gida daga jami'a ta auna sai ta yi murmushi. Wata da watanni, abin nan ko gezau. Malaminta har waya ya yi wa Baba yana taya shi murna. Baba ya ce ai sai godiya.

Wata Laraba aka tashi su Raihana da wuri a jami'a, na ɗauko ta a Keke Napep ɗina. Muna shiga gida ruwa na sauka. Sai ga Baba, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya lulluɓe farantin da tamfol yana danne gefe da duwatsu.

Raihana ta ce, "Baba, me kake yi?"

"Ruwa ne fa, 'yar nan."

"Tun yaushe kake rufe shi?"

"Tun ruwan fari. Ko ɗigo bai taɓa samun sa ba. Da an ɗauke nake yayewa."

"Na ce kada a taɓa!"

"Ai ban taɓa ba. Sanda nake sawa ta ɗaga tamfol ɗin."

To mutumin da ya tsufa yana sayar da wake a kasuwar Ogbete, me za ka ce masa? A wurinsa duk wanda ya bar kaya a ruwa ba shi da tarbiyya. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wa zan yi wa faɗa.

Na ce mata ta yi shiru kawai, wa ya gani? Ta yi mini wani kallo, ta shige ɗaki da jiƙaƙƙen hijabi ta kira kamfanin ta ce kada su zo. Suka ce ba komai, akwai wasu a layi.

Bana ta kafa sabo. Yanzu da hadari ya haɗo sai Baba ya zura takalmi ya tafi masallaci, ko ba lokacin salla ba ne. Ya ce shi ba zai iya zama yana kallon ruwa na dukan wahalar 'yarsa ba.