Awon Marigayi

Ƙungiyar teloli ta sayi ƙaramar kwamfutar ajiya mai araha, wadda suke kira saba, don adana awon masu kawo ɗinki. Cikin shekara huɗu ta cika fal. Ranar da mai gyara ya zo rage mata kaya, Inna, ɗaya daga cikin telolin, ita kaɗai ce a shagon.

"Inna, wannan ya shekara biyu bai leƙo ba. In goge?"

Ta duba, sai ta ga awon marigayi maigidanta. Ita ta auna shi, yana tsokanarta wai tana shaƙe masa wuya.

"Sai an goge wani fa, wuri ya ƙare."



"Goge nawa, malam. Ni ina nan, a sake auna ni."