Jaridun Bayan Kwando

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan ta Indiana zamanin su Wendell Pruitt ya san al'adar. A wasan ƙwallon kwando, idan aka fara kiran sunayen 'yan wasan baƙi, ɗaliban da ke zaune bayan kwando sai kowa ya buɗe jarida ya rufe fuska, wai bai san da zuwan kowa ba. Ana kiran 'yan gida sai a yayyage ta a watsa sama. A tanti suke kwana cikin ƙanƙara don kujerun nan, kuma ba mai motsi sai an busa tashi.

Yanzu rabin kujerun ba masu zama, riguna ake ajiyewa a kai. Shi ya sa shugabar wasanni, Misis Haverkamp, ta gaya wa Wendell ba ɓoye-ɓoye, tunda shi ke shugabantar tsofaffin ɗalibai:

"Ranar Asabar in na sake ganinsu wayam, 'yan kasuwa zan sayar wa. Ɗalibai su koma can sama kusa da rufi."

Abin haushi, jaridar ɗalibai ma ta daina fitowa a takarda. Haka ya bi gidajen tsofaffi yana roƙon tsofaffin jaridu, sannan ya tare jikarsa Tessa, wadda ke aji biyu.

"Kaka, wai mu yi kamar muna karatu? Ko a aji ba ma yi."

"Ke dai kawo min mutane, uwar surutu."

Ta kuwa kawo. Ranar Asabar babu masakar tsinke a bayan kwando. Suka rufe fuskoki, suka yayyaga, takardu suka zubo kan kowa. Wendell ya ji ƙwalla ta cika masa ido, bai ma ɓoye ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ya fita sayen gugguru. Yana dawowa ya yi kaciɓis da ɗaliban a ƙofa, suna fita ɗuu, kowa kai a sunkuye kan waya.

"Tessa, ina za ku?"

"Ai an gama, Kaka. Duba, bidiyon ya zaga ko'ina. Har kai ka fito, kana kuka."

"Wasan fa? Maki ɗaya ne tsakani."

"Sakamakon zai same mu a waya," ta ce, ta sumbaci kumatunsa ta bi ƙawayenta.

Ya bi su da kallo har suka fice. Ya koma ya zauna cikin yagaggun takardu. Can tsallaken fili ya hango Misis Haverkamp da wasu maza biyu masu kwat, tana nuna musu kujerun da ke kewaye da shi wayam.

Alƙalin wasa ya ba baƙi jifa a wannan kwandon, inda a da ihu ke sa hannun yaro rawa. Wendell ya miƙe shi kaɗai, ya ɗaga hannuwa, ya yi ihu iya ƙarfinsa. Yaron ya jefa ta shiga, ko kallonsa bai yi ba.