Hagun Wa?

Da tela ya bar wa ɗansa shago, sai ya tare a garejin gidansa da wata tsohuwar mota mai zagayayyun fitilu wadda ta girmi 'yarsu ta fari. Ya canja mata sifirin da shokazoba, ya wanke ƙarƙashinta tas. Saura saitin ƙafafun gaba, ya kuma rantse ba zai kai ta wurin bakanike ba.

"Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna kafaɗun mutane, taya ce za ta gagare shi?" in ji shi.

Ya kafa gwangwanaye a kusurwoyin motar, ya ja zare daga gaba zuwa baya a kowane gefe, ya rataya tef ɗin awonsa a wuya. Matsalar ɗaya ce. In ya kwanta a ƙasa hannu duk baƙin mai, ba ya iya riƙe biro. Dole ya roƙi uwargidansa.

Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta ajiye a gaban motar, tana fuskantar fitilun, ta ɗora littafi a cinya. Ta raba shafi biyu, hagu da dama. Shi kuwa yana kewayawa yana auna tazarar zare da bakin taya, yana nuna mata da yatsa.

"Wannan ta buɗe da yawa. Waccan daidai take. Rubuta."

Ta rubuta lambobin, har da iskar kowace taya da tsayin motar daga ƙasa. Bayan cin abinci sai ya karanta littafin, ya shiga ƙarƙashi da sufana, ya murɗa tayarod, wato sandar da ke juya taya. Ya ce a rubuta rabin juyi a hagu. Ta rubuta.

Suka fita gwaji. Suna hawa titi motar ta fara karkata tana neman kwata.

"Baban yara, ko ƙishirwa take ji ne?"

"Ba ta gama zama ba ne," ya ce, yana riƙe da sitiyari kamar mai kokawa da rago.

Washegari suka sake awo, ta sake rubutawa, ya sake murɗawa. Wannan karon saura ƙiris su kwashe shingen furannin maƙwabci. Maƙwabcin da ke ba furannin ruwa ya yi tsalle ya saki tiyo, ya jiƙe har wuya. Tela ya ɗora laifin a kan daɓen gareji. Daga baya ya ce tef ɗin ne ya tsufa. Da ya rasa abin kamawa, ya fara kallon rubutun uwargida ta saman tabarau.

"Wannan bakwai ce ko ɗaya?"

"Kada ma ka fara. Rubutuna ko makaho ya shafa ya karanta."

Ranar da abin ya fito fili, yana kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

"Maman yara, miƙo min sufanar da na bari a jikin tayar hagu."

Ta tashi ta je, ta duba, ta dawo. "Babu komai a can."

"Yanzu na ajiye ta!"

"To zo ka gani da idonka."

Ya turo kansa waje, ya gan ta tsaye a ɗaya gefen, hannu a ƙugu.

"Me kike yi a dama?"

"Nan ne hagu."

Suka kalli juna. Ita tun farko hagunta take rubutawa, na mai kallon mota ido da ido. Shi kuma hagun wanda ke zaune a ciki yake karantawa. Duk kwanakin nan lafiyayyar ƙafa yake ta murɗawa, mai ciwon tana can ba wanda ya taɓa ta.

"Duk duniya daga kujerar direba ake lissafin hagu da dama!"

"Da ka faɗa min duk duniya ce ke rubutun, ai da na ba ta biron."

Dariya ta ƙwace masa har ya buga goshi a jikin bamba. Ta karɓi littafin, ta soke hagu da dama, ta rubuta "gefenka" da "gefena", tunda kowa ya san kujerarsa. Da yake ba juyin da ta tsallake, sai ta riƙa karanto su daga ƙarshe zuwa farko, shi yana warwarewa, har ƙafar ta koma inda take. Sannan ya gyara wadda ke buƙatar gyara.

Da la'asar suka fita. Motar ta miƙe sambal. Tela ya ɗaga hannuwansa daga sitiyari yana washe baki, ita tana cewa ya mayar kafin ya kashe su. Suna dab da shataletale injin ya yi tari, ya yi shiru. Mai ya ƙare.

Ya fita ya tattare hannun riga, ya ce ta koma kujerarsa ta riƙe sitiyari. Yana turawa yana haki, ta leƙo ta taga.

"Baban yara, wallahi saiti ya yi! Ko juyawa ba na yi. Ƙara wuta mana!"